Ubana Bai Gudu Ba

Ina goye ubana ya tafi yaƙin basasa, bai dawo ba. Gawa ba ta zo ba, labari bai zo ba, sai mutanen garinmu Nahuce suka yanka nasu: wai tserewa ya yi, ya yi aure a kudu. Da wannan gorin na girma. Har jikokina na ji ana ce wa jinin maguji, shi ya sa na ɗaura gyale na hau mota.

Ban yi boko ba, amma bakina bai taɓa ba ni kunya ba. A Gusau na bi tsofaffin sojoji inuwa-inuwa, ina kwatanta mutumin da ban taɓa gani ba: dogo, mai wushirya, uwarsa Bafillatana. Wani ya ce in nemi wani tsoho mai ƙafa ɗaya a Tsafe.

Na same shi bakin titi yana sayar da rake. Da na faɗi sunan ubana, sai ya aje wuƙa.

"Mi kike gare shi?"

"Ɗiyarsa ce ni, Baba."

"Ke ce jinjirar? To ga wushiryar nan, kin sato ta!"

Ya ce a bakin wani kogi harsashi ya sami ubana, lokacin ubana na ɗauke da shi a kafaɗa saboda an harbe shi a ƙafa, nan ubana ya cika. Shi ya yi masa sallah daga zaune. Bayan yaƙi ya zo har Nahuce da zoben ubana, ya tarar da wata mata tana tatsar saniya, ya ambaci sunan, ya ce ko ita ce uwarsa. Ta kau da kai ta ce ba ta san shi ba.

Na dafe ƙirji. Kakata ce! Ɗan farinta ne, ko za a yanka ta ba ta amsa sunansa gaban baƙo. Shi kuwa ya ɗauka ɓatan gida ya yi, ya koma da zoben.

Ranar Juma'a na sa aka kawo shi Nahuce. Ya maimaita labarin a ƙofar masallaci, gaban masu gorin da suka rage, liman ya ja addu'a. Ni ina can gefen mata, zoben da tsohon ya damƙa mini ya yi wa yatsana yawa, na sa a babban, na ɗaga hannu yadda kowa zai gani.