Gorar da Ake Tada Yaya Lawal da Ita

Shekara bakwai ke nan da ƙauraye, 'yan daban garinmu, suka kashe yayana, Saje Lawal, a Ƙofar Ƙaura, kuma har yau in na ga doguwar gora sai gabana ya faɗi.

Ya baro soja da tabon harsashi a cinya, bai daɗe da dawowa ba matarsa ta rasu, ta bar masa Bilki da Nura. Shi ke dama musu koko, shi ke tsefe kan Bilki da yatsun nan nasa kamar taɓarya. Amma barcinsa ba na lafiya ba ne. Wata rana Bilki, tana 'yar ƙarama, ta taɓa kafaɗarsa don ya tashi sallar la'asar. Kafin ya buɗe ido ya murɗe hannunta ya maka ta da bango. Ina tsakar gida na ji ƙarar ƙashin, ƙas! Jini ta hanci, yarinya ko kuka ta kasa.

Dangi suka taru, Kawu ya ce a raba shi da yaran kafin ya yi kisa. Yaya Lawal, ƙato guda, ya durƙusa yana hawaye: "Kawu, in ka ɗauke mani ɗiyan nan, mi ya rage mani?" Ya fita ya sayo gora, ya naɗe bakinta da tsumma, ya kafa doka: kada wanda ya ƙara tada shi da hannu. Daga bakin ƙofa ake zungurarsa. Da gorar nan ya riƙe 'ya'yansa, wallahi.

Yau Bilki ungozoma ce, da karkataccen hannun nan take karɓar jarirai. Nura yana ɗinki a Kambarawa. Nakan ce, da yana raye, me zai ce da tsoffin sojojin da ke fama da yara su kaɗai, ba mai tambayar ya suka kwana? Na san halinsa, tsaki zai ja, ya ce a bar surutu a je a gaishe su.

Ranar da aka kashe shi, wata mata ya tarar ƙauraye suna ƙwace wa waya, ya shiga tsakani. Suka sassare shi da adda, suka luma masa wuƙa a ciki. Da aka shimfiɗe gawarsa a zaure, Bilki ta ruga ta ɗauko gorar, sai ta tsaya, ta yar. Ta durƙusa ta kama kafaɗunsa da hannu biyu tana girgizawa.

"Baba, ni ce. Tashi ka ƙara karya ni, na yarda."