Gurup Ɗin Dangi da Ranar Kasuwa

Na daɗe ina ƙin shiga sabon dandalin nan na cikin waya, kuma duk dangi sun ɗauka tsufa ne ko taurin kai. Taurin kan dai ina da shi, ban musa ba. Macen da ta ƙare ƙuruciyarta tana fama da yaran lakwal, wato makarantar boko, a Filingue har ta ajiye alli, dole kanta ya yi tauri. Amma dalilina daban ne, kuma a lokacin ban faɗa wa kowa ba.

Tun da maigidana ya rasu ni kaɗai ce a gidan. Ƴata tana aure a Yamai, ɗana yana Kwatano yana sayar da kayan babur. Shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki aka rufe iyaka, sai zuwansa ya yanke, kiran waya kuma ya yi tsada. Shi ne ya buɗe wa dangi gurup a wannan dandali, ya ce a can ana aika murya da hoto ba wahala. Kafin ka ce me kowa ya shige, har da gwaggonmu da ba ta iya karanta sunanta ba. Haihuwa, rasuwa, baiko, wanda akuyarsa ta ɓata, duk can ake faɗa. Goro da alawar gayyata da ake aiko mini a da suka daina zuwa, wai ai an saka a gurup.

Wanda ya rage yana tako ƙafa gidana shi ne ƙanena. Yana ƙauyenmu kan hanyar Sanam, yana noman hatsi, yana taɓa saye da sayar da awaki. Duk ranar kasuwa motar ƙauye takan sauke shi, in ya gama da dillalai sai ya biyo da azahar, wai ya kawo wa Yaya labari tunda ta ƙi wayewa. Yakan tuɓe takalmi ya baje a inuwar dogon yaro, ya cinye kopton zogalen da na kwaɗa masa tas yana kushewa wai gishiri bai ji ba, sannan ya ciro waya ya kunna mini muryoyin makon ɗaya bayan ɗaya. Ba sauraren ne ya fi mini daɗi ba, sharhinsa ne. Sai ya tsayar da murya a tsakiya ya ce in kasa kunne da kyau, wance tana gaisuwar mutuwa amma tana tauna wani abu. Mu yi ta dariya har la'asar ta riske shi, ya yi salla a tsakar gidana ya ruga tasha. Sauran kwanakin mako kuwa, in ba mai tallar nono ta yi sallama ba, nakan wuni ban buɗe baki ba sai a kan sallaya. Kaɗaici ne, kuma yana cina ƙwarai.

To, ni na san ɗan'uwana, ni na goye shi. Mutum ne mai sauke nauyi. In ya ga abu wajibi ne a kansa zai yi ko ana ruwa ana iska, in nauyin ya sauka kuma ba ya waiwaye. Na tabbata ranar da na shiga gurup, kawo labari ya tashi daga wuyansa. Shi ya sa in an matsa mini nakan ce idona ba ya ganin ƙananan rubutu, ko in ce rezo, wato sabis ɗin waya, ba kyau a unguwarmu. In raina ya ɓaci in ce ni da na koya wa rabin garin nan riƙe alƙalami ba zan zauna ina latse-latse kamar ƴar yarinya ba.

Sai dai ƙin ma da nasa ciwon. Matar ɗana ta haihu a Kwatano. Ya kira ni ya gaya mini a gurguje kafin kiredin wayarsa ya ƙare, amma hoton jaririn a gurup aka saka. Makon nan kuma ruwa ya cinye hanyar ƙauye, mota ba ta fito ba, ƙanena bai zo ba. Na fita sayen cefane, matan dangi suka tare ni da barka suna cewa yaron ya ɗauko goshin marigayi sak. Na yi murmushi na ce haka ne, alhali ni kakarsa ban ga fuskarsa ba. Girman kai ya hana ni cewa ɗaya daga cikinsu ta nuna mini. Na dawo gida na yi kuka, na kuma ji haushin kaina.

Da Babbar Salla ƴata ta zo da sabuwar waya a kwali. Ba ta ja da ni ba, ta san ba a cin riba. Ta dai zauna kusa da ni ta ce, "Inna, yaron ga za shi tashi bai san muryakki ba. Mi kika tsoro?"

Na buɗe baki in gaya mata, sai na ji kunya. Ta yaya babbar mace za ta ce da ƙin waya take riƙe da ƙaninta? Na nuna mata wayar na ce ta saka ni a gurup ɗin.

Ba zan yi ƙarya ba, kwanakin farko na ji daɗi. Na ga jikana, na ji kukansa, na yi masa waƙar da nake yi wa ubansa. Muryoyi suka yi ta shigowa ana yi wa Madam, wato ni, barka da zuwa. Ƙanena ma ya aiko tasa yana dariya: "Alhamdu lillahi, Yaya ta waye. Yau kin hutasshe ni."

Kasuwar da ta biyo baya ya zo. Ya fara ba ni labarin rikicin gonar wani kawunmu, bakina ya suɓuce na ce na ji. Ya ce to. Ya ɗauko wani, shi ma na ji. Muka koma kallon kaji, abin da ba mu taɓa yi ba, kuma tun kafin a kira la'asar ya ce bari ya je ya kama wuri a mota.

Kasuwa ta gaba na yi girkin mutum biyu. Azahar ta yi, ta wuce. Can da rana ta karkata wayar ta yi ƙara, na duba, muryarsa ce. "Yaya, lahiya dai? Kasuwa ta riƙe ni yau. Sai wani mako in Allah ya so."

A bayan muryarsa ina jin lasifikar mai tallar maganin basir, wanda kullum yake tsayawa bakin rumfar mahauta. Daga can zuwa ƙofar gidana, ko ni mai ciwon gwiwa da ƙafa nake zuwa. Na danna inda ƴata ta nuna mini, na ce masa lafiya lau, ya gaida mutanen gida.