Sauko, Faruku!

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da aka tura ni Birmingham leƙen asiri ba, ni da sunana ma sai na huta a tsakiya kafin in gama rubuta shi. Tunda ku sababbin shiga kun matsa sai kun ji, ku gyara zama.

Bari in fara da tsarin aikin, saboda waɗanda ba 'yan gida ba. Kamfaninmu ƙarami ne a nan Manchester, muna rainon matasa 'yan kokawar Turawa, wadda ake yi cikin igiya. Ba irin tamu ta gida ba ce, wadda na yi da ƙuruciya har na bar haƙori a fage. Nan tun kafin a shiga an san mai kayarwa da mai faɗuwa, don haka ba da kaye muke jera yara ba. Mu uku ne alƙalai. Koci, mai horar da su, yana duba iya faɗuwa da kiyaye wuyan abokin karawa. Madam, mai kamfanin, tana duba iya cika baki a lasifika. Ni kuwa da na fara da tuƙa motar kaya, aka ɗaga ni zuwa alƙalin ihu. Kada ku yi dariya, muƙami ne. Wanda ya fito a mutumin kirki, tafi ne makinsa. Wanda ya fito a mugu, zagi ne makinsa. Ƙarshen zango, na ɗaya ake kaiwa gwaji a babban kamfani. Doka ɗaya ce ba afuwa: wanda ya yi hayar masu ihu, kora ce.

A bazarar da aka sake buɗe wuraren taro bayan korona, muna da wani yaro Faruk, haifaffen nan ƙasar, wanda ya ajiye karatun haɗa magunguna a uni, wato jami'a, can Oxford Road, ya zo mana. A mugu yake fitowa, da farar rigar likita, ana ce masa Dakta. A Manchester zagin da yake samu daidai talaka ne. Amma in an je Birmingham, zauren kamar zai tsage. Cikin ɗan lokaci ya haura zuwa na biyu.

Wasannin Birmingham a bidiyo nake auna su, don gwiwata ba ta son doguwar tafiya. Ranar nan Madam ta kira ni ofis, ta tsayar da hoton a kan wasu mata a layin gaba.

"Sale, kullum su ne, kullum kujerun nan. Da ya gama wasansa sai su fice. Kuma wannan kalmar da suke maimaitawa, yarenku ne?"

Na kasa kunne. "Sauko" suke cewa. Na ga taron siyasa a gida, na san kamannin mutanen haya: tare suke zuwa, tare suke tashi, ba ruwansu da sauran shagali. Na tare Faruk na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Baba, ba ni kawo su ba." Na ce to su wane ne? Ya ɗauki jakarsa ya fice. Na ce a raina shi ke nan, yaro ya sayi kora da kuɗinsa.

Asabar bayan la'asar na isa zauren da muke haya a Sparkbrook, bayan Stratford Road. Na sa baƙin tabarau da hular sanyi don ɓad-da-kama, duk da babu wanda ya san ni balle ya gane ni. Na zauna daidai bayan matan. Mayafansu masu tsada, turarensu ma haka. Na ce lallai yaron bai yi hayar masu araha ba.

Faruk na hawa, shugabarsu ta miƙe. "Sauko, Faruku! Sauko, mara kunya! Wannan ɗan kamfan shi ne wando?" Ƙawayenta suka amsa. Turawa da ba su san me ake cewa ba suka ɗauka, "Sako! Sako!" har da buga ƙafa. Da aka ɗaga shi aka maka da ƙasa, sai na ji ta ce, "Innalillahi, bayansa!" ta rufe ido da jaka. Na ce kai, wannan ƙwararriya ce, har da ƙarin da ba a biya ba.

Na bi su har inda ake jiran bas, na cire tabarau kamar ɗan sandan ciki, na tari shugabar tasu.

"Hajiya, barka da yamma. Nawa yaron nan yake ba ku?"

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Baba, lafiyarka? Wane yaro?"

"Dakta."

"Daktan ƙarya! Ni na haife shi. Daga Perry Barr nake rufe ofis ɗina in zo in kunyata shi ko zai koma uni."

Sunanta Hajiya Rabi, akanta ce. Na yi mata bayanin komai: zaginta ne ke ɗaga shi, kuma ana zarginsa da hayarta, in zargin ya tabbata ranar Litinin za a kore shi. Sai wata ƙawarta ta dafa ta.

"Maman Faruk, ai ga hanya. Ki ce eh kawai, su koro miki shi gida."

Nan na ga na yi ɓaranɓarama, na miƙa mata wuƙa da hannuna. Da ta ce eh, haka zan kai, don ba ni da wata shaida. Bas ta zo, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta wuce, Hajiya ba ta shiga ba.

"A'a," ta ce. "In zai sauko, ya sauko da ƙafarsa, ba da ƙaryata ba. Ka gaya wa madam ɗinku kyauta nake zaginsa." Ta gyara mayafi. "Na nawa kuka ce yake?"

"Na biyu, Hajiya."

"Wa ke gabansa?"

"Wani Bature, Dani."

"Wancan mai ƙafafu kamar tsinken tsire? Shi ya fi ɗana?" Ta ja tsaki. "Wasa na gaba ƙarfe nawa?"

Litinin na kai rahoto, aka wanke Faruk. Wasan ƙarshen zango Hajiya ta zo da matan unguwarsu kaf, har da masu goyo. Zagin da ya sha ranar ban taɓa ba wa wani makinsa ba. Shi aka kai gwaji, aka kuma ɗauke shi.

Abin da na koya, ku riƙe. Sana'ar nan komai shiryawa ake yi, faɗuwa da fushi da kuka, har ta kai in muka ga abu na gaskiya sai mu ce na haya ne. Kafin ku rubuta wa yaro kora, ku bi masu ihun har tashar bas. Hajiya kuwa har yau tana zuwa layin gaba, har yau "sauko" take cewa. Na tambaye ta ko ta haƙura. Ta ce da kokawar, wataƙila. Da ɗan kamfan, har abada.