Yadda Kaka Ya Koyi Sabuwar Hanya

Ranar wata Litinin a watan Maris na shekarar 1978, ina aji huɗu a firamare, katafila ta shigo layinmu a Nasarawa Gwom. Mun taso daga makaranta ke nan muka jiyo rugugi, muka ruga a guje jakunkunanmu na buhu suna dukan bayanmu. Jar hanyar da muka sani an kankare ta tas kamar an yi wa ƙato aski, an haƙa dogon rami ta kowane gefe inda za a gina lambatu, leburori sun cika wuri da diga da shebur suna waƙa. A ƙofar gidanmu kuwa ga kakana tsaye, ya miƙa sandarsa gaba tana lilo a iska, ta rasa ƙasar da za ta taɓa.

Kakan nan nawa, wanda duk unguwa ke kira Baba Tsoho, haƙar kuza ce ta kawo shi Jos tun yana saurayi. Idanunsa sun rufe tun kafin a haife ni, amma ban taɓa ganin an ja shi ba. Kullum da hantsi zai sa rigarsa mai kauri saboda sanyin garinmu, ya fita shi kaɗai ya tsallaka hanya zuwa rumfar Malam Audu tela, inda dattawa ke zama kusa da masallaci. Da tafin ƙafa ya san hanyar. Ya san saiwar bishiyar turare da ta ɓullo a ƙofar gida, ya san wani dutse mai santsi da ke tsakiyar hanya, ya san kwarin da ruwan damina ya ci. In ya ji ƙamshin burodi da warin kananzir, ya san ya zo daidai shagon Mama Chinyere maƙwabciyarmu, sai ya karkata ya bi ƙarar keken ɗinki. Yakan ce, "Ido ne ya mutu, ƙafa tana nan da ranta." To, a wuni guda katafila ta kwashe saiwar da dutsen da kwarin, ta zubar da su bayan gari.

Mu yara ba abin da ya dame mu, don a wurinmu salla ce ta zo ba a wata ba. A lokacin ma'aikatar ayyuka ta jiha ita ke yin hanya da kanta, da motocinta da mutanenta. Kowane yanki da ayarin leburorinsa da helimansu, wato shugabansu, kuma akwai yadi inda ake ajiye kaya ana zuba kankare. Da rani suke sabon aiki, da damina sai facin ramuka da yashe lambatu, shi ya sa suke sauri su gama kafin ruwa ya sauka. Helima na layinmu wani dogon mutum ne ɗan Birom, Oga Dung, mai hular kwano da usur a wuya. Muna gama ɗebo ruwa a famfo sai mu tafi kallo. Mu hau tulin tsakuwa mu gangaro, mu bi gireda mai baje ƙasa a baya, mu dawo gida mu ƙera tamu da kara da gwangwanin madara. Da aka fara dafa kwalta a manyan durom, mukan ɓanɓaro wadda ta daskare a gefe mu tauna kamar cingam, Inna kuwa ta yi ta goge mana ƙafa da kananzir tana faɗa.

Cikin wannan daɗi ne Baba, wato mahaifina, ya ce daga yau ni ne ɗan jagoran Kaka. Ba wanda ya so abin cikinmu biyu. In na kama bakin sandar, sai ya ce, "Ja a hankali, raggo, ba akuyar uwarka ka samu ba." Ni kuma in ce, "Tsoho, ka kiyaye ni, in ba haka ba in ƙwace maka mata." Haka muke tafiya muna tsokanar juna, muna bin wani katako da leburori suka gitta a kan ramin. Amma hankalina ba ya kansa. Ranar da aka kawo rola, wadda ke daɓe hanya, na zaunar da shi a kan tulin tsakuwa na ce yanzu zan dawo. Na tafi na manta da shi sarai. Yana nan zaune cikin rana har aka yi azahar aka idar, bai san gabas ba bai san yamma ba, kuma girman kansa bai bar shi ya kira kowa ba. Oga Dung ne ya gan shi ya kai shi gida. Na sha bulala a wurin Baba, ta kuwa warke tuni, amma har yau in na tuna tsohon nan a kan tsakuwa da sanda tsakanin gwiwoyinsa, sai in nemi gafarar Allah.

Daga ranar Kaka ya daina fita. Ya shimfiɗa buzunsa a zaure, nan salla, nan cin abinci. Ya daina tsokanata, wanda ya fi mini bulalar ciwo. Dattawan rumfa suka yi ta aiko da gaisuwa, ya ce a gaya musu ƙafa ce ke damunsa. Da aka gama ginin lambatu, Baba ya roƙi Oga Dung ya sa mana murfin kankare daidai ƙofar gida, ko tsohon ya samu wurin takawa. Oga ya ce ba shi da iko, daga ofis aka tsara inda kowane murfi zai zauna, namu kuwa ya faɗa gaban shagon Mama Chinyere.

Aka zuba kwalta, aka watsa ƙananan tsakuwa, rola ta bi ta daɓe. Al'adarsu ita ce in an gama, sai a jera durom a tare bakin hanya ta kowane ɓangare, ba motar da za ta hau sai injiniya ya zo ya duba ya ce a buɗe. Da safiyar da aka jera durom ɗin, sai ga Oga Dung ya yi sallama a zaurenmu, ya cire hular kwano ya durƙusa. Da irin Hausarsa ya ce, "Baba, hanya ya gama, kai ne ba ka gama ba. Yanzu ba mota, ba keke, hanya naka ne kai kaɗai. Tashi ka koya shi." Kaka ya ce shi ya tsufa da shiga makaranta. Oga ya ce, "To, ni kuma ba na aiki rabi. In ba ka taka shi ba, zan gaya wa injiniya akwai wuri ɗaya da ya rage." Sai Kaka ya laluba ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Ina raggon nan? Zo ka tsaya a baya, kada ka taɓa ni."

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a ƙuruciyata. Kaka ya koyi bin bakin lambatu da sanda, tana ƙwas-ƙwas a kan siminti, har ta buga murfin ta yi wata ƙara mai zurfi. Nan zai hau, ya ji tudun tsakiyar kwalta a ƙafarsa, ya gangara ɗaya gefen. Leburori suna zaune a inuwa suna cin rogo da ƙuli, suna yi masa ihu, "Dama, Baba! Dama! Za ka shiga shagon Madam!" Mama Chinyere kuwa ta ce, "Ku bar shi ya shigo, mijina ne, ya daɗe bai zo ba." Sau ɗaya ya zurma ƙafa cikin lambatu, na zabura zan kama shi, Oga ya riƙe mini wuyan riga. Kaka ya fito da kansa yana zagin siminti. Sai kuma ya ce abin da ke ba shi tsoro mota ce, don a jar hanya tun daga nesa take kwaramniya, a kwalta kuwa an ce sulalowa take kamar maciji. Oga ya sa direban tifa ya yi ta kai da kawo a can bayan durom, inda aka riga aka buɗe, Kaka yana tsaye ya karkata kunne, yana faɗin, "Ta yi nisa. Ta matso. Wannan kam da na mutu." Kowa ya yi ta dariya, har shi.

Injiniya ya zo tun Kaka bai gama ƙwarewa ba. Ya sauko daga mota ya zaga, ya duba lambatu, ya ce a janye durom. Oga Dung ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, kwalta bai bushe ba." Injiniya ya danna ta da dugadugin takalmi, ga ta da tauri kamar dutse. Ya ɗaga kai zai yi magana, sai ya hango tsoho a tsakiyar hanya yana lalube da sanda, yaro na bin sa a baya hannuwa a goye. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Haka ne, da ɗan saura. A bar ta sai Litinin."

Ranar da aka janye durom, Kaka ya sa rigarsa mai kauri da hantsi ya fita. Inna ta leƙo ta bakin zaure, Malam Audu ya tsayar da keken ɗinki, ni kuwa na ƙi tafiya makaranta na laɓe a bayan shago. Ya bi lambatu, ya hau murfi, ya tsaya. Wata tasi ta wuce, wani mai babur ya wuce, bai motsa ba. Da wuri ya yi tsit, sai ya ɗaga sanda ya taka, bai yi sauri ba bai tsaya ba, har ya isa rumfa. Dattawa suka ɗau kabbara. Bai ko zauna ba ya juyo ya ɗaga murya, "Kai raggo, na san kana nan. Wuce makaranta, an sallame ka daga aiki!"

Yanzu hanyar nan an faɗaɗa ta, motoci da keke mai ƙafa uku ba sa yankewa tun asuba, masu aikinta ma baƙi ne, su zo su gama su tafi ba ka san sunan ko ɗaya ba. Ta fi ta da kyau, ban musa ba. Amma ni da idanuna biyu nakan daɗe a bakinta ina jira, sai jikata ta zo ta kama mini hannu. A zamaninmu an taɓa tsayar da hanya guda don tsoho ɗaya ya koyi tafiya.