Rumbun da Kefas ya liƙe

Duk wanda ya zauna Zuru a shekarun dubu biyu ya san Kofur Philemon mai ginin rumbu, mutumin nan da ke tafiya a duƙe kamar mai goyo. A teburin mai shayi cewa ake wiwi ce ta taɓa shi. Matan zumuntar coci suka ce iska ya kwaso a ƙasar mutane. Ba wanda ya zauna ya tambaye shi. Mu dai haka muke, kafin a gama gaisawa mun yanke wa mutum hukunci.

A shekara ta dubu biyu ya dawo daga yaƙin Saliyo, ya ajiye kaki, ya sayi babur ya shiga kabu-kabu. Sati uku ya yi. Duk fasinjan da ya dafa kafaɗarsa, sai ya ji wani ɗumi na gangara masa a gadon baya. Ranar da ya daina, a hanyar Kanya ne, rana tsaka, babu kowa a bayansa, amma babur ya yi nauyi kamar an ɗora buhu, ga numfashi a ƙeyarsa. Ya san mai numfashin. Kefas ne, amininsa. Tare suka yi golmo, noman nan da samari ke yi wa surukai kafin a ba su mata, kuma rana ɗaya suka shiga soja.

Ya sayar da babur ya koma sana'ar ubansa. Laka ba ta tambayar mutum abin da ya gani. In yana cuɗa ta da ƙafa nauyin yakan ragu, da ya wanke hannu sai ya dawo.

An yi masa addu'a da azumi. Maƙwabci ya kawo rubutu, ya sha. An turara shi har idonsa ya yi ja. Daga baya ya faɗa hannun Sista Saloma, tsohuwar nas da ta yi aiki a asibitin masu taɓin hankali, ta yi ritaya ta buɗe kemis kusa da kasuwa. Ƙwayar barci ta ba shi, da benci. Duk ranar kasuwa zai zo ya zauna, ita tana ƙulla magani, ba ta matsa masa. Sai da aka kusa shekara sannan bakinsa ya buɗe.

A dajin Saliyo, kwanton ɓauna aka yi musu. Harsashi ya sami Kefas a ciki, Philemon ya goya shi ya kutsa daji. A bayansa ran ya fita, ya ji lokacin da numfashin ya tsaya. Da harbi ya matso, sai ya sauke shi a gindin wata bishiyar kwakwa ya gudu, ko ƙasa tafi ɗaya bai zuba masa ba. A sansani da ofisa ya tambaya, kunya ta sa ya ce bai gan shi ba. Shi ya sa takardar da ta iso Zuru ba ta ce Kefas ya mutu ba. Cewa ta yi ya ɓace.

To ga inda abin yake. A gidan su Kefas, mace ba ta buɗe rumbun mijinta muddin yana raye. A hutunsa na ƙarshe shi ya cika rumbun da dawa, ya liƙe bakin da hannunsa. Dangi sun ce wa matarsa Keziah ta buɗe, a yi makoki a wuce wurin, ta ce wa ya ga gawa? Shekara bakwai tana ƙwadago a gonakin mutane tana ciyar da ɗanta Justice, ga rumbu cike a tsakar gida. Ba ta yi takaba ba, ba ta yi aure ba. Mutum ɗaya a duniya zai iya kwance ta, shi kuma in zai je kasuwa sai ya zagaya ta bayan makaranta don kada ya bi layinsu.

Saloma ba ta yi masa wa'azi ba. Ta miƙa masa maganinsa ta ce, "Kofur, ƙwayar nan barci kawai take sawa. Ba ta da ƙafar zuwa gidan Keziah."

Wata uku ya ƙaurace wa kemis ɗin.

Gab da damina ta 2005 rumbun ya tsage, Keziah ta taka da kanta har inda yake aiki, ta kira shi da sunan 'yarsa.

"Baban Joyce, kare ne a gidana da ka daina bin layinmu?"

Ya ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce to ga wani aikin, in ruwa ya shiga hatsin mai gida me za ta ce masa ran da ya dawo?

Da safe ya je da laka. Ita ta riƙe masa tsani. Ya hau yana cike tsagar, har ya kai bakin rumbun, sai ga shatin yatsu biyar a busasshiyar laka, inda Kefas ya danna ya liƙe. Ya ɗora hannunsa a kai. Nauyin ya sauko masa gaba ɗaya, har tsanin ya yi ƙara.

Bai juyo ba. Rumbun ya faɗa wa, ita tana ji daga ƙasa.

"Maman Justice, ba zai dawo ba. A bayana ya cika. Ni na ce ban gan shi ba."

Tsanin bai motsa ba. Can ta tambaya ko ya ba shi ruwa. Ya ce ya ba shi. Ta tambaya ko ya kira sunanta. Ƙarya ta zo masa har leɓe, mai daɗi, irin wadda kowa zai yi. Ya haɗiye ta.

"Bai kira kowa ba. Cewa yake takalmi na matse shi."

"Kullum sai ya karɓi ƙarami," in ji ta. Sannan ta ce, "Shekara nawa kana miƙo mini hannu a coci, Philemon." Ta ɗaga kai ta dubi liƙaƙƙen bakin rumbun. Ta ce, "Fasa."

Ya fasa. Wani wari ya bugo, ƙwari suka yi ta fitowa. Dawar duk ta zama gari. Ta miƙo ƙwarya ya ɗebo mata, ta tsaya tana kallon abin da ta yi gadi shekara bakwai.

A satin aka yi makoki. Tunda babu gawa, dangi suka binne garmarsa da wannan ƙwaryar. Keziah ba ta ce ta yafe ba, kuma kusan shekara biyu in ya gaishe ta kai kawai take ɗagawa. Amma da kaka ta aiko ya gina mata ƙaramin rumbu nata, wanda za ta buɗe duk ran da ta ga dama. Ya gina, ya yi masa zane a wuya.

Ya koma bencin Saloma, har yanzu a duƙe. Ta tambaye shi ko mutumin nasa yana nan.

Kofur ya shafa kafaɗa. "Yana nan, Sista. Amma yanzu in na ce ya sauka in sha ruwa, yana sauka."