Kwalbar da Na Hura wa Iska

Har gobe ban manta da ranar da Tanko direba ya dire mini wata kula a tebur ba, yana share zufa, ya ce ga amanar Dakta. Lokacin ni ne mai kula da sito a wani asibiti a Birnin Gwari. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kun san ƙa'idarmu: duk abin da ya shigo sito sai an buɗe, an gani da ido, sannan a sa hannu. Ni kuwa a kan wannan ƙa'ida ko ɗan'uwana ba na ɗaga wa ƙafa.

Kayan na Dakta Rahila ne, wata mai bincike daga jami'a da ke nazarin ciwon fatar da ya addabi manoman Kakangi da Tabanni, irin wanda fata ke bushewa, ta tsage, ta yi ta ƙaiƙayi. Wata huɗu tana jiran saƙon. Tanko ya ɗauko shi daga Kaduna, ya biyo ayarin da sojoji ke rakawa ta dajin nan, hanyar da mutum sai ya nemi gafarar iyalinsa kafin ya hau.

Na buɗe kula, ƙanƙara. Na buɗe kwali, wani kwalin. Can ciki sai ga 'yan kwalaben roba biyu, kowacce ba ta kai ƙaramin yatsana ba. Takardar ta ce furotin ne na fatar ɗan'adam. Nan kaina ya ɗaure. Fatar wa? Wa aka feɗe? Na ɗaga su ga hasken taga, wayam! Na buɗe ɗaya, na leƙa, na kife ta a tafin hannu na bubbuga, har iska na hura a ciki. Ba ruwa, ba gari, ko wari babu.

Dakta tana ƙauye, waya ba ta shiga. Na kai wa Sakataren asibiti. Ya sa tabarau ya duba, ya cire ya duba, ya ce abin da aka yi wata huɗu ana jira ba zai zo a iska ba, juyewa aka yi a hanya. Ya sa na rubuta wa Tanko takardar tuhuma: ya yi bayani kafin gobe, ko ya ajiye makullin mota. Tanko ya yi ta rantsuwa, ya ce a kujerar gaba ya ɗaure kular da bel, ko a shingen sojoji roƙo ya yi kada a buɗe. Ya tambaye ni me zai yi da fatar mutum. Wallahi ni ma ban sani ba, amma na sa hannu.

Washegari Dakta ta iso. Ko kallon taga ba ta yi ba. Ta ɗauki kwalbar da ban taɓa ba, ta sa a injin nan na ɗakin gwaji da ke juya jini, sannan ta nuna mana. A gindin kwalbar ga wani ɗan farin ɗigo, ƙwayar gishiri ma ta fi shi. Ta ce busar da shi ake yi, jijjigar hanya ta watsa shi ya manne a murfi da bangon kwalba, shi ya sa ba a buɗewa sai an juya. Kuma ba a taɓa fatar kowa ba. Ƙwayoyin bakteriya ake ba tsarin halittar, su ƙera irin furotin ɗin da ke riƙe fatarmu kamar yaɓe a katanga, kuma na gwaji ne kawai, ba a shafa wa mutum. Na ce wato bakteriya ke yin fatar mutum? Ta ce ba fata ba. Sau uku ta maimaita, har yau ban gane sosai ba.

Sai ta ɗauki ta biyun, ta ga murfin.

"Wa ya buɗe wannan?"

Sakatare ya juya yana kallon Tanko, wanda ke tsaye a ƙofa da makulli a hannu. Da na yi shiru da ya wuce a haka. Amma na ce ni ne, na faɗi bubbugawa, na faɗi hurawa. Ta zauna. Wadda na hura wa iska ta lalace, ɗaya kuma ba za ta isa ba, don haka jinin mutanen Tabanni da ta tara don gwaji sai ya jira wani saƙon. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam Shu'aibu, ai da ka jira ni."

Na yaga takardar tuhumar a gaban Tanko, na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma jiya ko tuwo bai iya haɗiya ba a gaban 'ya'yansa. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa.

Abin da na koya shi ne, ido ba ya ganin duk abin da ke shigowa sito, kuma in kan manya ya ɗaure, ƙaramin ma'aikaci ake fara nuna wa yatsa. Abin da ba ku sani ba, ku sa a firji da hatiminsa, ku jira mai shi.

Bayan wata huɗu Tanko ya sake bin dajin nan ya ɗauko madadin. Ya dire kular a teburina, muka gaisa, amma bai ɗaga hannunsa daga murfin ba sai da Dakta ta shigo.