Ƙarfen da Ke Cinyar Kofur Ghali

Duk wanda ya saba shiga kasuwar kayan gwari ta Aziziya, a kudancin Riyad, ya san wani dogon mutum mai tura amalanken tumatir yana ɗan karkata hagu. Larabawa suna kiransa Askari, wato soja, Hausawan kasuwar kuwa Kofur suke ce masa. Sunansa Ghali Jibrin, mutumin Kazaure. In za ka yi masa magana sai ka zagayo ta damansa, don kunnen hagu ya mutu tun shekarar 2016.

A shekarar ne motarsu ta taka bam a wata hanyar daji a arewa maso gabas. Su tara ne a ciki, biyu suka fita da rai, shi da Saje Dawuda. Wata huɗu Ghali ya yi a gadon asibiti. Likitoci suka ciro ɓarɓashin ƙarfe biyar daga cinyarsa, suka bar ɗaya, suka ce ya yi kusa da jijiya. Da ya miƙe aka sallame shi daga aiki, aka ce ya je ya nemi haƙƙin waɗanda suka nakasa a fagen daga.

Ya cika takardu, ya kai. Sai aka buɗe rajistar rundunarsu aka ga wai a makon da bam ɗin ya tashi yana hutu. Gaskiya ne an ba shi hutun kwana bakwai, amma a rana ta uku aka kira shi ya dawo saboda ƙarancin mutane, magatakarda kuma bai gyara ba.

"To ƙarfen nan fa, Yallaɓai, a Kazaure na tsince shi?" in ji Ghali.

Jami'in da ke riƙe da fayil ɗin ya ce, "Kofur, ni na yarda da kai. Takarda ce ba ta yarda ba. Kawo shaidar wanda kuke tare, da sa hannun kwamandanku."

Kwamandan an riga an yi masa canjin wurin aiki. Shekara biyu Ghali yana bin sawunsa daga bariki zuwa bariki, ga mata, ga 'ya'ya uku. Da wani dillali ya zo masa da zancen aiki a Saudiyya bai tsaya dogon tunani ba. Ranar gwajin lafiya ya haɗiyi maganin ciwo guda uku, ya taka a miƙe, ya riƙa juya wa likita kunnen dama. Aka buga masa hatimi: lafiya lau.

Fayil ɗin ya koma hannun matarsa Hansai. Ba ta karatun Turanci, amma ta san kowace takarda da launinta da inda hatiminta yake. Ita ta shiga mota har Gombe ta samo Saje Dawuda, ya je kotu ya yi rantsuwa a rubuce. Ita ta tare kwamandan a wurin wani ɗaurin aure, ta durƙusa masa a gaban jama'a har ya sa hannu. Duk abin da ta yi sai ta turo wa Ghali saƙon murya, shi kuma ya raɓe bayan buhunan albasa ya manna waya a kunnen dama.

A 2023 kira ya zo: ya bayyana da kansa gaban kwamitin likitocin soja a gida cikin mako uku. Saura kwana goma azumi, lokacin da kasuwa ba ta da masaka tsinke. Ya je wurin kafilinsa Abu Nasir, mutumin da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar.

"Mafi ijaza, ya Ghali," in ji Abu Nasir. "Babu hutu. Bayan salla, in sha Allah."

Bayan salla kwamiti ya riga ya tashi. Sai da shekara ta zagayo ya samu ya je. Ya zauna gaban likitoci uku, ya naɗe wando ya nuna tabo. Babbansu bai ko duba sosai ba, fasfo ɗin yake ta buɗawa.

"Wane aiki kake yi a can?"

"Dako, Yallaɓai."

"Da aka gwada ka kafin ka tafi, me aka rubuta?"

A soja ba a koya wa Ghali ƙarya gaban manya ba. Ya ce, "An ce lafiya lau."

Likitan ya rufe fasfo ya miƙa masa. Bayan wata biyu Hansai ta karɓo amsa, maƙwabcinsu ya karanta mata: raunin bai hana shi neman abinci ba. Yana iya ɗaukaka ƙara, amma sai ya sake zuwa da kansa, shaidarsa ma ya zo ya yi bayani da bakinsa. Kafin wannan damina ta ƙare Saje Dawuda ya rasu.

Bara ƙafar ta fara ƙin taka ƙasa da safe. Wata rana ta sage masa a tsakiyar layin 'yan lemo, amalanke ya kife. Salissou, ɗan Maraɗi da suke ɗaki ɗaya, ya sa shi a tasi ya kai shi wani ƙaramin asibiti. Aka ɗauki hoto, likita ya nuna musu wani farin ɗigo a jikin ƙashi, ya ce ƙarfen ya motsa, kada ya ƙara ɗaukar kaya. Ya rubuta rahoto da Larabci.

"Alhamdu lillahi, ga hujja!" in ji Salissou. "Tura gida, Kofur."

Ya tura. Hansai ta sake shiga mota ta kai. Aka ce mata ba a karɓar rahoton asibitin waje, sai na soja. Shi kuwa Abu Nasir, da takardar inshora ta isa gare shi ɗauke da rahoton likitan, nan take ya yarda da shi. Ya kira Ghali, ya zuba masa gahawa da hannunsa, ya gaya masa a hankali cewa in iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare a watan Rajab ba za a sabunta ba.

Ghali ya fito ya zauna kan wani akwatin mangwaro da babu komai a ciki, ya kira gida.

"Malam, ko in sake komawa ofishin?" Hansai ta tambaya. "An ce an kawo sabon shugaba."

"Bar shi, Hansai. Kin sha hanya."

"To in ka dawo me za mu yi?"

Ya ce mata bai ji ba, ta maimaita. Ta maimaita da ƙarfi. Ya ji sarai. Ya ce ana kiransa, zai sake bugowa, ya kashe wayar. Babu wanda ya kira shi. Ya daɗe a zaune yana murza cinyar, sannan ya dafa bango ya tashi, don akwai sauran tirelar dankali da ba a gama saukewa ba.